Hunturu a Bakin Teku

Ƙasar Nijar ba ta da teku, amma ɗari ba baƙo ba ne gare ta. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan taso daga arewa maso gabas da hazo da ƙura. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, da asuba yara da tsofaffi su kewaye wuta suna jin ɗumi. A Bilma da duwatsun Abzin, wani dare har ruwan da aka bari waje yakan daskare. Amma da hantsi ya yi, rana ta ɗaga, sai kowa ya yar da bargonsa.

Hunturun ƙasashen Turai ba haka yake ba. Can rana ba ta ɗagawa sosai, kuma ba ta daɗewa. A duba taswirar Faransa, wajen yamma, inda ƙasa ta kutsa cikin Tekun Atlantika. Yankin nan shi ne Biretanyi, wanda a taswirar Faransanci aka rubuta «Bretagne». Kada a haɗa shi da Birtaniya, wadda take ƙetaren ruwa. A ƙarshen Disamba yinin Biretanyi awa 8 ne da ƴan mintuna, alhali kuwa na Yamai ya fi awa 11. Ɗarinsu kuma da ruwan sama yake zuwa, ga iska mai ƙarfi da ke ɗauko gishirin teku tana watsa shi bisa komi. Tsiro ba ya samun hasken da zai yi girma da shi, ƙwari sun ɓace, abinci ya yi wuya.

To, ƙaƙa tsirrai da dabbobin bakin tekun nan suke kai watan Maris da rai, lokacin da ɗumi ke komowa? Halinsu ya yi kama da na maigida da rumbunsa. Abin da aka tara da kaka shi za a ci har sabon hatsi ya nuna, wanda ya ci da ɓarna kuwa, rumbunsa ya ƙare tun damina ba ta yi nisa ba. Rumbun tsiro shi ne saiwarsa ko irinsa. Rumbun tsuntsu shi ne kitsen jikinsa.

Teku yana riƙe ɗumi

Abu na farko da ke taimakonsu shi ne tekun kansa. Kowa ya san halin rairayi: da rana ba ya takuwa don zafi, da dare ya yi sanyi ƙalau. Ruwa kuwa yana da nawar ɗaukar zafi, yana kuma da nawar sakinsa. Teku yakan sha rana duk tsawon watannin zafi, sa'an nan da hunturu ya riƙa sakin ɗumin nan kaɗan-kaɗan, iska tana kai shi gaɓa. Ban da wannan, akwai wani babban gulbi mai ɗumi da ke gudu cikin Atlantika, ya taso daga wajen Meksiko ya nufo Turai. Shi ya sa a Birest, birnin da ke bakin ruwa, matsakaicin zafin watan Janairu wajen digiri 7 ne. A Sitirasbur, can gabas nesa da teku, wajen digiri 2 ne, ko da yake ba wanda ya fi wani kusa da arewa sosai.

Gishiri ma yana da nasa aiki. Ruwan daɗi yana daskarewa a digiri sifiri, na teku kuwa sai sanyi ya kai kusan digiri 2 ƙasa da sifiri. Sa'ad da tabkunan cikin ƙasa suka zama ƙanƙara, bakin teku yana nan a buɗe, duk mai neman abinci can zai nufa.

Sai dai bakin teku ba ya zama wuri guda. Sau biyu kowace rana ruwa yakan cika ya rufe gaɓa, sau biyu ya janye. Wata ne ke jan ruwan, rana tana taya shi. A mashigin Mon-San-Mishel, tsakanin Biretanyi da Normandi, bambancin cika da janyewa yakan kai mita 14 a manyan ranaku. Ruwa ya ja baya wajen kilomita 15, ya bar filin laka da rairayi iyakar ganin ido. Duk abin da ke zaune a filin nan, ƴan awoyi yana cikin ruwa mai ɗan ɗumi, ƴan awoyi yana shan iska mai yanka kamar wuƙa.

Tsirrai

Tsiron da ya fi kowane kusantar ruwa wani ɗan ƙarami ne da Faransawa ke kira «salicorne». Ba shi da ganye irin wanda aka saba gani. Jikinsa gaɓa-gaɓa ne, cike da ruwa mai gishiri, har mutane sukan tsinke shi su ci. Da zafi kore ne shar, da kaka ya koma ja, kafin hunturu ya kankama ya bushe ya mutu. Bai yi gardama da sanyi ba ko kaɗan. Ya riga ya zuba dukan abin da ya tara cikin ƙananan iri, ya bar su cikin laka. Ruwan saman hunturu ya rage gishirin lakar, da ɗumi ya komo sai irin ya tsiro. Dabarar ƙarangiya ke nan: uwa ta mutu da rani, ɗiya suna kwance cikin ƙasa suna jiran ruwan fari.

Bisa tuddan rairayi akwai wata ciyawa mai tauri, «oyat», ita kam tana nan daram shekara da shekaru. Abin mamaki, ga teku gabanta, amma ƙishirwa ce babbar damuwarta. Rairayi ba ya riƙe ruwa, iska mai gishiri kuma tana tsotse ganye. Sai ta naɗe ganyenta kamar tabarma, ƙananan ƙofofin da take numfashi da su suna daga ciki, inda iska ba ta kaiwa. Saiwoyinta suna tafiya nesa ƙarƙashin ƙasa, nan abincinta yake ajiye. In guguwar hunturu ta binne ta da rairayi ba ta mutuwa, sai ta ƙara tsawo ta fito, ta yi sababbin saiwoyi a inda aka binne ta. Don haka ake shuka ta a kafe tuddai, kada su ci gonaki da gidaje. Mutanen Gure da Maine-Sorowa sun san irin aikin nan sarai da nasu tsirrai. Amma ciyawar da guguwa ta kasa, tattakin ƙafa yana kashe ta, shi ya sa a wurare da yawa aka kewaye tuddan da shinge, aka bar ƴan hanyoyi.

Itatuwa ba su cika son wurin ba. Ƴan kaɗan da ake gani duk sun karkata kamar an tura su, domin gishirin iska yana ƙone tohon da ke fuskantar teku, na baya kaɗai ke girma. Furannin kan duwatsu kuma sukan lafe da ƙasa curi-curi kamar gammo.

Cikin ruwa akwai ciyawar teku, dangin gansakuka ce amma manya. Wadda ke manne da duwatsun gaɓa, in ruwa ya janye cikin dare mai sanyi takan sandare. Ruwa ya komo, ta narke, ta ci gaba da zamanta kamar ba a yi komi ba. Wata babba mai suna «laminaire» tana can inda ruwa ba ya janyewa, ita tsakiyar hunturu take fara sabon ganye. A lokacin ne ruwa ya fi taki, domin guguwa ta dama shi ta taso da abin da ke kwance ƙasa. Tun da haske ya yi kaɗan, sai ta ciyar da sabon ganyen da abin da tsohon ya tara da zafi. Wajen Afrilu da Mayu tsohon ya tsinke, igiyar ruwa ta kawo shi gaɓa. Tun zamanin da manoman Biretanyi sukan kwashe irinsa su kai gona. Ita ce gawon teku, tana toho sa'ad da saura suke hutawa.

Abin da ke cikin laka

Wanda ya dubi filin laka da hunturu zai ce ba komi cikinsa. In aka tona kuwa, sai a tarar da gari guda. Akwai wata tana, «arénicole», mai gina rami kamar harafin U, zurfinsa santimita 20 zuwa 30. Tana haɗiye rairayi ta tace abincinta, ta turo saura bakin rami a murɗe kamar taliya. In sanyi ya tsananta sai ta ƙara nutsewa, domin saman laka kaɗai ƙanƙara take kamawa. Haka gaiwa take shiga taɓo in tabki ya ƙafe. Ƙaguwa da jatan lande su kuma sukan bi ruwa su koma zurfi har ɗumi ya zo.

Ƙumbar teku, «moule», ba ta da hanyar gudu, domin ta ɗaure kanta da dutse da wasu zaruruwa masu ƙarfi. Ruwa ya janye, ta rufe ƙofarta gam da ɗan ruwa a ciki. Tana iya jure digiri 10 ƙasa da sifiri na ɗan lokaci, ko da fiye da rabin ruwan jikinta ya daskare. Dalili kuwa, ƙanƙarar tana tsayawa tsakanin ƙananan ƙwayoyin namanta, ba ta shiga cikinsu ta fasa su.

Duk waɗannan jikinsu ba shi da ɗumi nasa na kansa, na wurin da suke yake bi. Sanyi ya zo, su rage motsi, su rage ci. Rumbunsu kusan a rufe yake kwana.

Tsuntsaye

Tsuntsu ba shi da wannan sauƙi. Jikinsa tilas ya tsaya wajen digiri 41 dare da rana, ko ƙanƙara ake yi. Wuta ce da ba a bari ta mutu, itacenta kuwa abinci.

A ɗauki ɗan tsuntsun laka da ake kira «bécasseau». Nauyinsa wajen garam 50, kamar na ƙwan kaza, amma dubbai suke cin hunturu a mashigin Mon-San-Mishel. Ruwa ne ke tsara masa lokacin kiwo. Da ya janye, ko tsakar dare ne, sai ya fita yana caka baki cikin laka, bakin yana jin abinci ko ido bai gani ba. Ruwa ya cika, su taru wuri guda bisa tudu. Kowa ya fuskanci iska don kada ta buɗe masa gashi, ya ɗaga ƙafa guda ya ɓoye ta a ciki, ya juya kai ya cusa baki cikin gashin baya. Mai kallo zai ce lalaci ne. Tattalin ɗumi yake yi.

Rigar tsuntsun ruwa biyu ce. Ta ciki gashi ne mai laushi kamar auduga, yana riƙe iska mai ɗumi jikin fata. Ta waje gashi ne mai santsi, tsuntsun yana gyara shi kullum, yana shafa masa wani mai da yake ɗebowa da baki daga gindin wutsiyarsa, ruwa ya taɓa ya zame. Ƙafa fa, da ba ta da riga? A nan akwai dabara mai kyau. Jijiyar da ke kai jini mai zafi ƙasa tana manne da wadda ke komo da jini mai sanyi sama. Kafin mai zafin ya kai tafin ƙafa ya riga ya ba mai komowa ɗuminsa. Ƙafa ta zauna da sanyi, ɗumi ya zauna cikin jiki. Shi ya sa agwagwa take tsayawa bisa ƙanƙara ba ta damu ba.

Abincin laka ma an raba shi bisa tsawon baki. Mai gajeren baki ya tsinci na sama, «courlis» mai dogon baki lanƙwasasshe ya zaro tana daga zurfi, «huîtrier» mai jan baki kamar kurfi ya ɓare ƙumba.

Akwai kuma baƙi waɗanda su a gare su Biretanyi ƙasar ɗumi ce. Wata ƴar dinya baƙa, «bernache», tana yin ƙwai a Taimir, can ƙarshen arewacin Sibiriya. Tun watan Satumba ƙanƙara ke fara rufe wurin, sai su taso iyali-iyali, uwa da uba da ɗiyan bana, su yi tafiyar kilomita 5,000 ko fiye, su sauka mashigin Morbiyan da makamantansa wajen Oktoba. Abincinsu wata ciyawa ce mai dogon ganye da ke tsirowa cikin ruwa marar zurfi, «zostère». A farkon shekarun 1930 wata cuta ta kashe mafi yawan ciyawar nan a gaɓar Atlantika. Ga yunwa, ga maharba, har a shekarun 1950 dinyoyin ba su kai 20,000 ba. Da ƙasashe suka hana harbinsu, su kuma suka koyi kiwo cikin makiyaya da gonakin alkama, sai suka farfaɗo, a shekarun 1990 sun haura 200,000. Manoman alkama dai ba su yi murna da wannan sabon ilimi na dinya ba.

Ana sanin yawansu ne domin tun 1967, kowace shekara tsakiyar Janairu, mutane sukan fita da madubin hangen nesa su ƙirga tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa.

Abin da ya fi cutar tsuntsayen nan sau da yawa ba ya kama da cuta. Kare ne da aka saki yana guje-guje bakin ruwa, ko mai yawo da ya matso don ya ga garke ya tashi. Tashi yana cin kitse ƙwarai. Garken da aka yi ta tayarwa yana asara biyu: ya ƙone abin da ya tara, ya kuma rasa lokacin kiwo kafin ruwa ya cika.

Haihuwa cikin ɗari

Bisa duwatsun tsibiran arewacin Biretanyi akwai wata dabba mai shayarwa, «phoque», mai kama da ayun kogin Kwara, sai dai ita kifi take ci. Bargonta kitse ne mai kauri ƙarƙashin fata. Ita tsakanin Oktoba da Disamba take haihuwa, daidai shigowar guguwa. Ɗan yakan zo da wajen kilo 14, da farin gashi mai laushi wanda bai dace da iyo ba, don haka bisa dutse yake kwanciya. Nonon uwar wajen rabinsa mai ne, alhali na saniya man da ke cikinsa wajen kashi 4 ne cikin 100. Cikin mako uku ko ƙasa da haka nauyin ɗan ya ninka uku. Uwar kuwa kusan ba ta cin komi duk kwanakin nan, rumbunta take juyewa cikin nasa. Sa'an nan ta koma ruwa ta bar shi, ya zauna da kitsensa har ya sake gashi ya koyi kamun kifi shi kaɗai.

Shekarun da dabara ta kasa

Daga ƙarshen Disamba na 1962 zuwa farkon Maris na 1963 an yi hunturun da Turai ta yamma ta daɗe ba ta ga irinsa ba. Teku kansa ya daskare a wasu gaɓoɓin Ingila, da Holan, da arewacin Faransa. Wata ƙumba mai suna «coque», wadda ke zama santimita 2 ko 3 kawai ƙarƙashin rairayi, ta mutu ba iyaka. Laka ta yi tauri, baki ba ya shiga. Aka riƙa tsintar gawar tsuntsaye bakin ruwa, ƙirjinsu ƙashi zalla. Yunwa ce ta fara kayar da su, sanyi ya ƙarasa.

Ta biyu mutum ne ya jawo ta. Ran 12 ga Disamba 1999 wani jirgin dakon mai, Erika, ya karye biyu cikin guguwa a kudu da Biretanyi. Wajen tan 20,000 na baƙin mai ya malala, ya ɓata gaɓa tsawon wajen kilomita 400. Lokacin kuwa tsuntsaye masu nutso da ake kira «guillemot» sun taru a ruwan nan suna cin hunturu. Baƙin mai yana liƙe gashi, ruwan sanyi ya samu ƙofa ya kai ga fata. In tsuntsun ya sa baki don ya gyara, ya haɗiyi guba. Dubun dubata ne suka mutu.

Masu cin rani

Saura waɗanda ba su jira hunturu ya iske su ba. Kamar yadda samari ke tafiya cin rani bayan an gama girbi, haka wasu tsuntsaye ke barin Turai tun Agusta da Satumba. Kafin tashi sukan ci har su yi ƙiba, kitsen nan shi ne guzurinsu. «Sterne», farin tsuntsu mai wutsiya biyu da ke kamun ƙananan kifaye, yana bin gaɓa har Senegal da Gana. Tsuntsayen laka fiye da miliyan guda suna sauka filin lakar Ban-Dargen a Muritaniya, wanda aka keɓe tun 1976.

Wasu kuma ba su bin teku, hamada suke ƙetarewa. Wata ƴar agwagwa mai farar gira, «sarcelle», da wani tsuntsun fadama, «combattant», suna sauka Tabkin Cadi, da kogin Kwara, da tabkuna irin na Tabalak da Madarunfa. Sukan iso bayan damina, sa'ad da tabkuna suke cike, shamuwa kuwa tana shirin komawa kudu. Ɗarin da ke sa yaro ya naɗe cikin bargo, su a wurinsu ɗumi ne. In damina ta yi kyau, ruwa ya daɗe, su samu abinci su yi kitse. In an yi fari, tabkuna suka ƙafe da wuri, da yawansu ba su samun guzurin sake ƙetare hamada a watan Maris.

A gwada

A samu ƙwarya biyu masu girma ɗaya, a cika guda da rairayi, guda da ruwa, a ajiye su a rana tun da safe. A sa hannu cikin kowace da azahar, a kuma sake sawa bayan sallar lisha. A rubuta abin da aka ji cikin littafi, da Hausa da Faransanci. Ƴan makarantar da garinsu ke kusa da tabki su je tare da malam cikin watan Janairu, su zauna nesa ba hayaniya, su ƙirga irin tsuntsayen da ba a ganinsu da damina.